Ƙwayar da ke yi wa harshe ƙarya

Ƙwayoyi ne 'yan mitsi-mitsi masu launin ja da ya koɗe, an jera su a kati yadda ake jera magani, ana sayar da su a intanet da sunan miracle berry. Ba magani ba ne, ba kuma alawa ba. Tsokar wani ɗan itace ce aka daskarar aka busar, aka niƙe ta, aka haɗa da ɗan sitacin masara don ta kama jikinta. Alƙawarin masu yin ta guda ɗaya ne: ka tsotsi ɗaya, duk abin da ke da tsami zai koma zaƙi a bakinka. Na saya ne da niyyar in ƙaryata su. Abin haushi, sun cika alƙawari.

Ita kanta ƙwayar ba ta da wani daɗin kirki, gari-gari take, da ɗan bauri. Ba a haɗiyewa, ba a taunawa. Ɗora ta za ka yi a harshe, ka riƙa juya ta ko'ina har ta narke, domin duk wurin da ba ta taɓa ba tsami zai same shi yadda ya saba. Tana narkewa ba ka jin komai ya sauya, har ka fara zargin an damfare ka.

Sai ka ɗauki yankan lemon tsami. Fuskata ta riga ta yamutse tun kafin ya kai baki, don jiki ya san abin da ke tafe. Sai ga zaƙi, tsantsarsa, kamar an tsoma yankan a sukari, ga ƙamshin lemon nan daram bai je ko'ina ba. Wannan ɗan lokacin da fuska ke shirin wahala harshe kuma na cewa a ƙaro, shi ne abin da ka biya kuɗinsa. Idan kana da abokan zama, kallon fuskokinsu ma ya fi cin lemon daɗi.

Daga nan sai mutum ya hau binciken duk abin da ke da tsami a kicin. Yogot marar sukari ya fito da kyau ƙwarai, ya zama abin da za a iya kawowa bayan abinci ba tare da jin kunya ba. Tumatir ya tuna cewa shi ma ɗan itace ne. Lemon zaƙi kuwa lalacewa ya yi, zaƙin ya wuce misali har ya gundure ni. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne binigar, wato ruwan khal: harshe na jin zuma-zuma, hanci da maƙogwaro na ihu, domin su babu wanda ya yi musu ƙarya. Baƙin kofi bai sauya ba, ɗacinsa na nan. Gishiri da barkono ma ko a jikinsu. Inda babu tsami, ƙwayar ba ta da aikin yi.

Dalilin yana cikin yadda take aiki. Itaciyar sunanta a wajen masana Synsepalum dulcificum, asalinta dazukan Afirka ta Yamma masu yawan ruwan sama, 'ya'yanta jajaye, girmansu bai fi ƙwayar kofi ba sosai. A tsokarsu akwai wani furotin mai suna mirakulin, wanda Kenzo Kurihara da Lloyd Beidler suka ware shi a 1968. Shi ba shi da zaƙi. Abin da yake yi shi ne ya manne wa wuraren da harshe ke jin zaƙi da su, ya lafe. Da zarar tsami ya shigo baki, sai siffarsa ta sauya, ya danna wurin da ya manne, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa cewa sukari ya iso. Tsamin na wucewa sai ya sake lafewa ya jira na gaba. Masu bincike a Jami'ar Tokiyo sun nuna haka a 2011, har suka gano cewa idan babu tsami a baki, toshe wurin yake yi, ya ɗan dakushe zaƙin gaske. Ni dai abin ya riƙe ni kamar rabin awa, yana raguwa sannu a hankali, lemon na dawo da halinsa kaɗan-kaɗan. Zafi na lalata furotin ɗin, shi ya sa ba a girki da shi, kuma shayi mai zafi kan gajarta maka wasan.

To ga inda ya kamata a yi hattara, kuma masu talla ba su cika jan kunne a kai ba. Duk wanda ya taɓa buga wasan kwamfuta na Minecraft ya san ana iya sauya wa narkakken dutsen wuta kamanni ya koma shuɗi kamar ruwa, amma ka faɗa ciki ka gani, ƙonewa za ka yi. Haka ƙwayar nan take. Yamutsa fuska gargaɗi ne da jiki ke yi cewa tsami ya isa haka, ita kuma gargaɗin ta kashe, tsamin na nan yadda yake. A ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai ƙarfi, ruwan lemon tsami yana wajen 2 da ɗoriya, rufin haƙori kuwa yana fara zaizayewa ne tun daga wajen 5.5 zuwa ƙasa. Mutumin da a kullum ba zai iya lasar yanka ɗaya ba, sai ka gan shi ya cinye lemon guda yana neman ƙari. Bayan an gama ne haƙora za su mutu, leɓe ya yi zafi, ciki ya fara magana. Mai gyambon ciki ko yawan ƙwannafi ya tsaya a ɗan kallo. Sauran kuma su ci wani abu tukuna, su kuskure baki da ruwa bayan an tashi, kada su yi gaggawar goge haƙori, domin a lokacin rufinsa ya yi laushi.

Tambayar da kowa ke yi ita ce me ya sa abin bai kori sukari daga kasuwa ba. Ba don sabon abu ba ne: tun 1725 wani Bafaranshe, Chevalier des Marchais, ya ba da labarin mutanen gaɓar Afirka ta Yamma suna tauna ɗan itacen kafin su ci abinci mai tsami. A Amurka an yi yunƙurin mayar da shi kasuwanci, amma a 1974 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta ce sai an bi da shi ta hanyar gwajin da ake yi wa sinadaran da ake ƙarawa a abinci, yunƙurin ya mutu a nan. Tarayyar Turai sai a 2021 ta amince da busasshen ɗan itacen, shi ma ga manya kawai, ban da masu ciki da masu shayarwa. Akwai masu cewa 'yan kasuwar sukari ne suka yi masa ƙafar ungulu. Ni ban ga ana bukatar wata maƙarƙashiya ba. Abin da ba ya jure wuta, ba ya aiki sai da tsami, sai ka tsotse shi kafin kowane cin abinci, sannan ya mayar maka da miyar tumatir ta koma zaƙi ko kana so ko ba ka so, ta ina zai ja da cokalin sukari? Ɗanyen ɗan itacen ma kwana biyu zuwa uku yake yi ya lalace, dalilin da ya sa aka koma ƙwaya ke nan.

A matsayin abin wasa na dare ɗaya kuwa, ko darasin kimiyya da mutum zai ji a bakinsa, na yarda da shi. Rabin ƙwaya ya ishe ni, kuma ban ji bambanci da guda ba sai dai a daɗewa, don haka kati ɗaya zai zagaya mutane da dama. A yanka komai a jera tun kafin a fara tsotsa, don lokaci ba ya jira. Wadda aka ɓare kuma a shanye ta a ranar, domin danshin iska na rage mata ƙarfi.