Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia: Ya cancanci tafiyar daga Zariya?

Ya cancanta, musamman ga mutumin Zariya, garin da tun 1924 Defon soja ke horar da kurata. Dakarun Runduna ta Ɗaya ƙarƙashin Muhammadu Shuwa ne suka kama Umuahia, babban birnin Jihar Abiya a yau, a Afrilun 1969, lokacin tana hedikwatar Biyafara, don haka abin da ke ajiye a can tarihin iyayenmu ne.

An kafa gidan a 1985, yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Sassa uku ne a ciki: makaman gargajiya, tarihin rundunonin soja, sai Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970. Kada ku daɗe a sashen farko. Kwari da baka da bindigar toka duk mun san su. Filin waje ne ke riƙe mutum. Ga jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny a girke a tudu, ga jiragen sama, ga motocin sulke da mutanen Biyafara suka haɗa da hannu. Ku matsa kusa ku duba waldar: faranti kan faranti, ɗinkin bai miƙe ba, aikin wanda aka toshe wa hanya ne ya ƙera da abin da ya samu. Haka bam ɗin Ogbunigwe. A siffa ba shi da wani kwarjini, amma duk tsohon sojan da ya je bakin daga ya san sunansa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarfe a fili. Ruwan Kudu da laima na haifar da tsatsa, fenti na ɓarewa, kuma abin da ciwo. Ku je da rani, da hantsi. Bayanan da Turanci suke, sai a nemi ɗan rakiya ko a tafi da mai fassara.

Kuskuren da baƙi ke yi shi ne zaton komai yana wuri ɗaya: ramin gidan rediyon Biyafara yana harabar, amma maɓoyar ƙarƙashin ƙasa ta Ojukwu, jagoran Biyafara, tana wani wuri daban a cikin gari. Ku ware mata lokacinta.

Tafiyar mota yini guda ce cur, ta Abuja, sai an kwana. Kafin ku tashi, ku zauna da wani ɗan mazan jiya a Sabon Gari ku ce, "Baba, wace bataliya kuka yi, ina aka kai ku?" Ku naɗa a waya, ku tafi da sunayen garuruwan.