Wata Uku Ina Yoga da Manhajar Waya

Shekara 11 ke nan ina kan keken ɗinki a shagona da ke Ƙofar Marusa. Duk wadda ta san ɗinkin sallah ta san yadda ƙugu yake komawa, in za ki miƙe sai kin dafa bango. Bayan ƙaramar sallar bana ƙanwata mai karatun jinya ta saukar mini da wata manhajar yoga a waya (yoga motsa jiki ne na miƙa gaɓoɓi da sarrafa numfashi), ta ce, "Yaya, ki gwada ko minti goma ne bayan Asuba." Na biya kuɗin wata uku, yanzu sun ƙare, ga yadda muka kwashe.

Da kin buɗe manhajar, Vinyasa take fara turo miki, wato salon da ake sauya motsi ba tsayawa, wannan da jan numfashi, wancan da sakinsa. Ba ta tambaye ni abin da ke damuna ba, ni kuma na bi yarima a sha kiɗa. Kwana huɗu na yi wuyan hannuna ya ɗauki ciwo, har riƙe almakashi ya zama aiki. Saura ƙiris in goge ta. Ashtanga kuwa leƙawa kawai na yi: jerin motsi ne guda da Pattabhi Jois ya koyar a Mysore ta ƙasar Indiya, shi ake maimaitawa kullum, sai masu jini a jika. Akwai ma wanda ake yi a ɗakin da aka zafafa zuwa digiri 40, motsi 26 cikin minti 90. Dariya na yi, mu da ɗakunanmu ke ba mu wannan zafin kyauta a watan Afrilu in an ɗauke wuta.

Can ƙasa na lalubo Iyengar, kuma shi ya karɓe ni. Mai salon, B.K.S. Iyengar, a birnin Pune na Indiya ya koyar, ya rasu a 2014 yana da shekara 95, kuma shi kansa da laulayi ya taso. Wataƙila shi ya sa bai yarda a tilasta wa jiki ba. In hannu bai kai ƙasa ba a sa masa abin dafawa, in bai kai ƙafa ba a sa ɗamara. Ban sayi kayansu ba. Kujera 'yar tsugunno ta zama abin dafawata, tsohon ɗankwali ya zama ɗamara. Nakan kwanta rigingine, in rataya ɗankwalin a tafin ƙafa, in ɗaga ta a hankali har in ji jijiyar bayan cinya tana saki. Da dare bayan Isha'i sai in ɗan taɓa Yin, wanda ake zama a yanayi ɗaya minti uku zuwa biyar, filo a ƙarƙashin gwiwa. Sau biyu barci ya kwashe ni a wurin.

Wata maƙwabciyata ta ce, "Maman Hafsa, wannan ba bautar Indiyawa ba ce?" Tambayar tana kan hanya. Akwai jerin da suke kira Surya Namaskar, ma'ana gaisuwa ga rana, akwai kuma kalmar "Om" da wasu masu koyarwar ke rerawa. Duk tsallake su nake yi, miƙa jiki da numfashi kawai na ɗauka.

Sauran ƙorafina: komai da Turanci ne, tana shan data, kuma shigar masu koyarwar ba ta kallo a gaban yara ba ce, sai na rufo ƙofa.

Ban sabunta biyan ba, don na riga na haddace motsi biyar da nake buƙata. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, ranar da na wuni a kan keke yakan leƙo. Ƙanwata ta ja mini kunne cewa in ya fara sauka ƙafa ko ƙafar ta fara sagewa, asibiti zan nufa. Amma ɗinkin babbar sallah, da ƙafata na riƙa miƙewa daga kan kujera ba tare da na dafa bango ba.