Siket ɗin gado a kan gado mai rimot: iri uku da ke kasuwa da wanda ya cancanci kuɗinsa

Gadon lantarki mai ɗaga kai da ƙafa ya shiga gidajen Hausawa da dama a Makka, Jidda da Madina, galibi saboda iyaye: tsohuwa mai ciwon baya, dattijon da ƙafarsa ke kumbura, ko mai fama da ƙwannafi da likita ya ce ya riƙa kwana kai a sama. Amfaninsa ba abin musu ba ne. Abin da ke damun uwargida shi ne ƙarƙashinsa a buɗe yake. Ƙarafa, injina, akwatin wuta da wayoyi duk a fili, ga shi kuma ɗakin ne ake shiga dubiya da gaisuwa, kuma ba wanda ke son ɗakin mahaifiyarsa ya koma kamar na asibiti. Wannan ne ke sa a nemi siket ɗin gado, yadin nan da ke sauka daga gefen gado zuwa ƙasa ya rufe ƙafafunsa. A shaguna da shafuka irin su Noon da Amazon.sa da sunan "tannurat sarir" ake tambayarsa, kuma iri uku ne ke yawo: mai shimfiɗa, mai roba, da mai falle uku.

Kafin a kai ga hukunci a kansu, sai an san yadda gadon yake, domin duk ɓarnar da ake gani daga rashin sanin wannan take tasowa. Gadon kashi biyu ne. Akwai firam na ƙasa, na ƙarfe, wanda ƙafafu ke ɗaure a jikinsa, shi ba ya motsi. Akwai kuma allon sama da katifa ke zaune a kai, wanda aka yanka gida huɗu ko biyar aka haɗa da gaɓoɓi. Inji ɗaya na tura ɓangaren kai, yakan kai wajen digiri 60, wani na tura na ƙafa. A ƙarshen ƙafa akwai sandar ƙarfe mai lanƙwasa da ke tare katifa kada ta zame idan an ɗaga kai. Wasu gadajen ma, waɗanda aka yi don kan mutum ya tsaya kusa da bango, allon nasu yana ja da baya yayin da yake tashi, wato motsi biyu yake yi a lokaci guda. Ƙa'idar ke nan: siket a jikin abin da ba ya motsi ake ɗaure shi. Duk yadin da aka maƙala wa allon sama zai bi shi ya tashi, kuma in allon ya sauko ba lallai yadin ya koma inda ya baro ba.

Mai shimfiɗa shi ne wanda aka saba da shi, kuma shi ya fi yawa a cikin saitin zanen gado na amare. Falle ne babba da ake shimfiɗawa tsakanin katifa da gado, gefuna uku na zubowa ƙasa. A kan gadon katako ba shi da laifi. A kan gado mai rimot kuwa kada a saya, ko da shi ne ya fi araha. An lulluɓe allon gadon da yadi mai ɗan kaushi da gangan don ya riƙe katifa. Idan aka sa falle mai santsi a tsakani, katifa za ta riƙa zamewa ƙasa duk lokacin da aka ɗaga kai, nauyinta ya koma kan sandar ƙafa har ta fara lanƙwashewa. Ita kanta sandar tana hana fallen kwanciya, sai an huda masa rami biyu, kuma daga ramin yagewa ke farawa. Idan aka ɗaga kai, siket ɗin ya tashi da shi, ƙarafan da ake son ɓoyewa su bayyana a daidai lokacin da mara lafiya ke zaune yana karɓar baƙi. Idan aka sauke, yadin da ke lilo yakan naɗe ya shiga tsakanin allo da firam. Injin ba ya jin yadi. Ko ya tauna shi ya yaga, ko zare ya naɗe a gaɓa, gado ya fara ƙara yana sauka a karkace.

Mai roba ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma shi ne masu sayarwa ke yawan rubuta wa cewa ya dace da gado mai motsi. Zobe ne na yadi mai roba a bakinsa na sama, ana zura shi a kewaye gado ba tare da an ɗaga katifa ba, cikin minti biyar an gama. Amma dacewarsa da sharaɗi. Roba na buƙatar abin da za ta kama. Idan gadon irin wanda aka yi wa akwati ne, wato gefensa na ƙasa a lulluɓe yake da yadi, faɗinsa ya kai santimita 8 zuwa 10, allon kuma a ciki yake tashi, to mai roba zai zauna daram. Idan kuwa firam ɗin siririn bututun ƙarfe ne da ya shige ciki, faɗin da ake gani daga waje na allon sama ne, to robar ba ta da wurin zama sai a kan allon, kuma an koma matsalar farko. Wasu kan ja ta ƙasa su ɗora a kan ƙafafu huɗu. Tsakiyar sai ta lotsa, siket ya riƙa jan ƙasa a gefe.

Sai batun awo, wanda shi ne ya fi sa a mayar da kaya. Yawancin masu robar da ake shigowa da su a kan awon Amurka aka ɗinka su: girman gadon da suke kira Queen santimita 152 da 203, wanda suke kira King 193 da 203. Manyan gadajen da ake sayarwa a Saudiyya kuwa galibi 180 da 200 ne, ko 200 da 200. A lissafa kewaye a gani. Gado mai 180 kewayensa santimita 760; Queen 710, King 792. Ke nan Queen sai an ja shi ƙarin santimita 50, robar ta mutu da wuri, tattarar ta baje. King kuma ya yi yawa da santimita 32, sai an ɗaure ragowar ta bayan kai ko an kai wa tela ya rage. Ga mai 180, King da aka rage ya fi Queen da aka ja. Ga mai 200 da 200, King yana shiga lafiya. Tsawon saukarsa kuma da inci ake rubutawa: 14 ya kusa santimita 36, 15 santimita 38, 18 santimita 46. A auna daga inda robar za ta zauna zuwa ƙasa, ba daga ƙasan katifa ba, a cire santimita 1 zuwa 2. Tayil ake gogewa da ruwa a gidajenmu, kuma siket ɗin da ke taɓa ƙasa bakinsa ba ya daɗewa bai yi baƙi ba. Idan bambancin kaɗan ne, a duba ƙafafun gadon: da yawa gaɓa-gaɓa ne da ake murzawa, ana iya cire ɗaya ko a ƙara, gadon ya zo daidai da siket maimakon a taɓa yadin. Sai dai a tuna tsawon gado don mai kwanciya aka saita shi, tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa idan ya zauna a baki. Ba a sadaukar da wannan don ado.

Wanda muke ganin ya cancanci kuɗinsa shi ne mai falle uku: biyu na gefe, ɗaya na ƙafa, kowanne da kansa, ana manna su da Velcro, tef ɗin nan mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi. Fa'idarsa ita ce mutum ne ke zaɓar inda zai zauna, don haka ana iya ɗora shi a kan firam na ƙasa komai sirancinsa. Kusurwoyinsa a buɗe suke, ba abin da ke jan wani. Idan za a yi shara ko a duba wayar wuta, falle ɗaya ake ɓarewa. Ga gado mai rabi biyu, wanda miji da mata kowa ke da nasa rimot, shi ma yana aiki sosai.

Rauninsa a gam yake. Tef ɗin da ke zuwa a cikin kwali yawanci mai gam ne mai arha, kuma zafin Makka da ke haura digiri 45 ba ya raga masa. Muddin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki ba a ganin komai. Ranar da aka rufe gida aka yi tafiyar mako biyu, a dawo a tarar falle a ƙasa, gam ya narke ya bar danƙo a ƙarfe. A Jidda laima ce ke ƙara ɓata shi. Maganinsa a sayi tef mai gam na aikin waje, wanda aka rubuta yana jure zafi, faɗin santimita 2.5, ko 5 idan firam ɗin zai ɗauka. A goge ƙarfen da auduga da sipirit, a bari ya bushe, a manna fuska mai kaushi a jikin gado, a danna da ƙarfi tsawonsa duka, sannan a bar shi awa 24 kafin a rataya yadi. Gaggawar rataya shi ce ke kashe yawancinsu. Fuska mai laushi ita ake ɗinkewa a jikin yadin, don in an sa a injin wanki kada ta kama sauran kaya. Inda firam siriri ne ƙwarai, a ƙara ɗaure tef ɗin da igiyar roba ta ɗaure waya duk bayan santimita 30. Idan gefen gadon yadi ne, gam ba zai kama ba ko kaɗan. Fil mai murɗi ake amfani da shi, duk bayan santimita 15 zuwa 20, kuma a riƙa duba su idan gadon mai tausa ne, domin girgiza na kwance su, fil a ƙasa kuwa haɗari ne ga mai ciwon suga da ba ya jin tafin ƙafarsa sosai. Huda firam da inji ko buga ƙusa kada a yi kafin a karanta takardar garanti. Akwai masu ɗinka maganaɗisu a bakin yadi ya kama ƙarfe. Yana riƙewa, amma ba a gidan da mai kwanciya ke da na'urar bugun zuciya ba, ko inda yara ƙanana ke rarrafe.

Wanda bai samu awonsa a kasuwa ba, tela zai yi masa wanda ya fi na kanti, kuma yadi ba ya wahalar samu a Balad ta Jidda ko kasuwar Utaibiyya a Makka. Ga lissafin gado mai 180 da 200 da saukar santimita 35: fallen gefe biyu, kowanne a yanka tsawon 230, na ƙafa 210, saboda ninki ɗaya a tsakiya yana cin santimita 20, sauran na kalmasa ne da ɗan haɗuwa a kusurwa. Faɗin kowane falle 42, ya ishi kalmasar sama da ta ƙasa. Idan yadin labule ne mai faɗin 280, mita ɗaya da rabi ta isa. Idan mai faɗin 150 ne, a sayi mita biyu da rabi a yanka a tsaye. Velcro mita 6. A zaɓi yadi mai ɗan nauyi da zai tsaya da kansa, kuma a gaya wa tela ninki ake so, ba tattara ba. Tattara tana da kyau a ido, amma tana cin yadi kusan ninki biyu, tana tara ƙura, kuma kumburinta na lanƙwasawa ciki wajen ƙarafa. Leshi da yadi mai geza ko duwatsu a bar su ga labule. Idan auduga ce, a wanke ta kafin a yanka, in ba haka ba wankin farko zai ɗage ta.

Akwai abin da babu siket ɗin da zai iya, kuma gara a sani tun kafin a biya kuɗi. Idan aka ɗaga kai, tazarar da ke tsakanin allo da firam za ta bayyana, tun da yadin a ƙasa yake. Bargo mai faɗi da ke zubowa gefe shi ke rage wannan. Wanda ke son rufi cikakke, sai ya sa gadon cikin firam na katako da aka cire wa sandunan tsakiya, a nan ma siket ba ya zama dole. Haka kuma yadin zai dushe fitilar ƙarƙashin gado da tsofaffi ke dogara da ita in za su kewaya da dare, kuma zai iya rufe ramin cajin waya da ke gefe. A ce wa tela ya bar tsaga a wurin.

Abu mafi nauyi shi ne siket na ɓoye abin da ke ƙarƙashi. Jika ko kyanwa na iya shiga ba a gani ba, wani ya danna rimot. Idan rimot na da makulli a riƙa kulle shi, in babu a ajiye shi sama, kuma a ɗaga falle a leƙa kafin a sauke gado. Al'adar tura akwatuna da kwanuka ƙarƙashin gado ma ba ta tafiya da wannan gadon: hannayen injin na buƙatar fili, akwatin wutar na ɗumi yana buƙatar iska, shi ya sa ɓangaren bango ake barinsa a buɗe. A ɓare falle sau ɗaya a wata a share, musamman bayan iskar ƙura.

Wajen ɗaurawa, a ɗaga kai da ƙafa har ƙarshe, a zare filogi daga soket, sannan a sa hannu. A bi firam da alli a yi wa duk inda bai motsa ba alama, a nan tef zai bi. Bayan an rataya, a mayar da wuta, mutum ɗaya ya riƙe rimot, ɗaya ya durƙusa da tocila yana kallo, a ɗaga a sauke sau uku ba kowa a kai, sannan sau ɗaya da mutum a kwance, domin nauyi na sa katifa ta ɗan baje ta tura yadi ciki. Duk inda yadin ya matso ƙasa da santimita 5 kusa da ƙarfe mai motsi, a ɓare a sauke tef ɗin ko a rage yadin a wurin.