Titus, tarwaɗa ko giwan ruwa: wanne za a kai gida?

Ranar Asabar na raka yayata Kasuwar Daji sayen kifi. Tana da juna biyu, wata shida. Mai kifin ya ɗaga mata wani ƙaton yankin giwan ruwa yana cewa, "Hajiya, duba tsoka, ba ƙaya." Na riƙe hannunta na ce mu dakata tukuna.

Mun iya gane kifin da ya ruɓe: a duba ido, a shinshina, a latsa jiki. Amma gubar zaiba da ta dalma da ke shiga jikin kifi ba su da wari, ba su da launi. Zaiba kuwa cikin tsokar kifin take maƙalewa, suya ko tafasa ko banda ba sa fitar da ita. Ƙaramin kifi ya ɗauki kaɗan daga ruwa, babba ya cinye ƙanana dubu, duk abin da ke jikinsu ya taru a nasa. Haka ta faru a Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar da gubar zaiba ke jawowa a 1956: masana'anta ta zuba zaiba a teku, masunta da iyalansu suka ci kifin, aka riƙa haihuwar yara da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su ne abin ji.

Kifin ƙanƙara da mutane ke rainawa, a wannan fannin shi ne gaba. Titus da shawa ƙananan kifayen teku ne, ba sa tara guba mai yawa, ga kitsensu da ke gina ƙwaƙwalwar jariri. Abin lura kawai kada ya zama ya narke an sake daskarar da shi, ka san halin wutarmu. Manyan mafarautan teku irin su shak da babban tuna, waɗannan mai ciki ta bar su.

Busasshen bonga da kirefish na gaɓar Kudu su ma ƙanana ne, sai dai ya danganta da ruwan da aka kamo su. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nuna yadda ɗanyen mai ya ɓata ruwan yankin Ogoni, kuma buhu ba ya faɗin garinsu. A miya, ɗan kaɗan ya isa.

Sai namu na gida. Ina son karfasar Kwalkwalawa da ta Goronyo, kuma abincinta galibi tsirran ruwa ne, don haka hankalina ya fi kwanciya da ita. Tarwaɗar kiwo wata biyar ko shida ake kwashe ta, ita ma babu laifi in ruwan gonar mai tsabta ne. Giwan ruwa fa, duk daɗinsa, mafarauci ne mai tsawon rai. Kuma ban manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Masu haƙar zinariya kuwa, da zaiba suke tace ta. Kifin da aka kamo kusa da wurin wankin zinariya, ko kyauta aka ba ni ba zan kai wa yara ba.

Na ce, "Baba, wannan daga ina?" Ya ce daga Yawuri. Yayata ta mayar da yankin, ta ɗauki titus uku da karfasa matsakaita huɗu, ta ce a yanka mata kowanne gida biyu.