Batirin ruwa ko na litiyam: amsa ga mai shirin haɗa sola a gida

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a wannan zaure, mazaunin Kano, ya ce masu haɗa sola biyu sun ba shi shawara mabambanta. Na farko ya ce ya sayi baturan ruwa dogaye guda 4, kowanne mai bolt 12 da 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batiri yake ɗauka), tare da inbata mai taransfoma ta 5kVA. Na biyu ya ce ya sayi batirin litiyam ɗaya mai bolt 51.2 da 100Ah, tare da inbata mara nauyi wadda take haɗe da cajar sola a cikinta, ita ma 5kVA. Kayan gidansa su ne firji ɗaya, fankokin sama 3, ƙwan fitila 8, talabijin da dikoda, sai injin jan ruwa da ake kunnawa lokaci-lokaci. Yana son sanin wanne ya fi dacewa da shi.

Malam, kafin a kwatanta baturan, ya kamata a san abin da gidanka yake ci daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, domin aikin batiri ke nan. Zan yi lissafin da yunit, irin wanda mitar wutar NEPA take ƙirgawa, wato wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Fankoki 3 masu wat 70 na awa 10 za su ci yunit 2.1. Firji zai ci kamar 0.7 a dare, fitilu masu wat 10 na awa 5 za su ci 0.4, talabijin da dikoda na awa 4 su ma 0.4. Ita kanta inbatar, ko ba a kunna komai ba, tana cin wajen wat 50, wato 0.6 a awa 12, kuma wannan ne kason da yawancin mutane suke mantawa. Jimla yunit 4.2 ke nan.

A takarda, baturan ruwa 4 suna ɗauke da yunit 9.6, litiyam kuwa 5.12, har mutum ya ɗauka na ruwan sun ninka shi. Amma batirin ruwa, wanda da dalma ake yin sa, ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa, saboda haka abin da za ka mora kullum ba tare da ka cutar da shi ba bai wuce 4.8 ba. Litiyam yana jure a ci kashi 80 zuwa 90 cikin 100, wato tsakanin 4.1 da 4.6. Ka ga ta fuskar wutar da za ta raka ka zuwa asuba kusan kunnen doki suka yi, kuma gaskiya litiyam ɗaya ya yi wa gidanka cif-cif, babu rara. Idan ka sauya fankokin da masu cin wat 30, buƙatar dare za ta sauko zuwa yunit 3, kuma a ganina wannan sauyin ya fi ƙarin batiri araha da amfani.

Inda suka rabu sosai shi ne wajen caji. Batirin ruwa mai 200Ah yana son a shayar da shi a hankali, da amfa 20 zuwa 25, kuma jera guda 4 yana ƙara bolt ne kawai, ba ya ƙara wannan adadi. Mayar da abin da aka ci da dare zai ɗauki awa 4 zuwa 5, sannan akwai matakin ƙarshe na awa 2 ko 3 da cajin yake tafiya sannu-sannu kafin batirin ya cika da gaske. Rana mai ƙarfi kuwa a arewa ba ta wuce awa 5 zuwa 6, kuma tana raguwa a watan Agusta saboda hadari, da kuma lokacin hunturu idan ƙura ta lulluɓe farantan sola. Batirin dalma da yake kwana da wuni bai cika ba, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantansa na ciki, ƙarfinsa ya riƙa raguwa ba tare da ya dawo ba. Wannan ne yake kashe baturan ruwa da yawa tun ba su kai shekara 2 ba, sai a ɗora laifin a kan mai shago. Litiyam mai 100Ah yana karɓar amfa 50 lafiya lau, ya cika cikin awa 2 idan farantan suna da ƙarfi, kuma zama a rabin caji ba ya yi masa illa. Haka nan daga kowane yunit 10 da aka zuba, na ruwa yana mayar da kamar 8, litiyam kuma fiye da 9.

Zafi ma abin dubawa ne. Ana auna rayuwar batirin dalma a ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin kamar digiri 10 yana rage ta da rabi, alhali a watan Afrilu zafin Kano yana haura 40. Kamfanoni suna rubuta zagayen caji, wato sau nawa za a cika batiri a sauke shi, 1,200 zuwa 1,500 ga na ruwa, 3,000 zuwa 6,000 ga litiyam, amma kada ka sa ran cika waɗannan alƙaluma a ɗakin da rufin kwano yake gasawa. Litiyam ma zafi yana tsofar da shi, sai dai bai kai na dalma ba. Ko wanne ka saya, ka nema masa wuri mai inuwa da iska, kuma na ruwa kada ya kwana ɗaki ɗaya da mutane, domin yana fitar da iskar da take kama wuta yayin caji. Yana kuma buƙatar a duba ruwansa duk wata ɗaya ko biyu a ƙara tataccen ruwan batir, banda ruwan leda ko na rijiya, banda ƙarin asid.

Na ruwa yana da nasa alheri: kuɗin farko ya fi sauƙi, kowane mai gyara ya san shi, kuma idan ya mutu masu sayen tsofaffin batura suna biya saboda dalmar. Haɗarin litiyam kuwa yana wajen saye, domin akwai waɗanda ake haɗawa da tsofaffin ƙwayoyin batiri a cikin sabon akwati. Ka nemi takardar garanti a rubuce, kuma a gwada shi da lodi a gabanka.

Sai inbata. Da farko, 5kVA ba lallai ne ta zama wat 5,000 ba, domin da yawa wat 4,000 suke bayarwa, don haka ka karanta abin da aka rubuta a jikinta. Mai taransfoma tana da nauyi, takan fi cin wuta a zaune, amma tana jure fizgar da injin jan ruwa da firji suke yi a lokacin tashi, wadda takan ninka cinsu na yau da kullum sau 3 ko fiye. Mara nauyin ta fi tattalin wuta, tana da cajar sola ta MPPT a ciki, mai tatso iyakar wutar da farantan za su iya bayarwa, amma juriyarta ga fizga ta fi gajarta. Injin mai ƙarfin doki ɗaya ba zai gagari ko wacce ba, muddin da rana ake kunna shi kuma ba tare da dutsen guga ba. Ka lura kuma cewa na'urar BMS da take tsaron litiyam mai 100Ah yawanci tana yanke wuta idan an ja fiye da amfa 100, saboda haka batiri ɗaya da kyar yake ɗaukar cikakken ƙarfin inbatar. Dukkan shawarwarin biyu sun yi daidai da suka tsaya a bolt 48 (baturan ruwa 4 a jere 48 suke bayarwa, litiyam mai 51.2 ma a wannan rukuni yake), domin lodin wat 4,000 yana jan amfa 85 ko sama kaɗan a nan, alhali a bolt 24 zai ja ninkinsa, wayoyi su yi zafi. Ka sa wayar jan ƙarfe mai kauri milimita 25 ko 35, gajera, da fis ko birekar da aka yi musamman don wutar batiri.

Saiti shi ne abin da na fi jin takaicin yadda ake sakaci da shi. Inbatoci da yawa suna zuwa daga kamfani da umarnin kada su yanke sai batiri ya sauka zuwa bolt 42, wanda yake nufin an tatse baturan ruwa ƙarƙaf. Idan na ruwa ka saya, a zaɓi nau'insa a cikin saiti, cajin sama, wato iyakar bolt ɗin da ake kai su yayin caji, ya zama 57.6 zuwa 58.4, na riƙo bayan sun cika wajen 54, yankewa kuma kusa da 47. Idan litiyam ne, a kashe cajin daidaitawa gaba ɗaya, domin na baturan ruwa ne kuma yana cutar da litiyam. A tabbatar kuma ko ƙwayoyinsa 16 ne ko 15: mai 16 shi ne 51.2, ana cajinsa zuwa 56 ko 57, mai 15 kuwa bai kamata ya wuce 54 ba. Da yake bolt ɗin litiyam ba ya sauka sosai har sai ya kusa ƙarewa, ya fi kyau a haɗa wayar sadarwa ta CAN ko RS485 tsakaninsa da inbata, a sa ta tsaya idan saura kashi 20. Ka tambayi mai sayarwa ko inbatar da batirin suna fahimtar juna kafin ka biya.

Ni dai da gidana ne, shawara ta biyu zan ɗauka, da farantai na wat 2,000 aƙalla da fankoki masu tattalin wuta, domin daga baya ana iya ƙara litiyam na biyu irinsa a gefensa, alhali sabon batirin ruwa ba ya zama lafiya a jeri ɗaya da tsofaffi. Idan kuɗin bai kai ba, ka ɗauki na ruwan, da sharaɗin akwai wanda zai riƙa duba ruwansu, kuma a bar su su cika aƙalla sau ɗaya a mako, ko da wutar NEPA ko da janareta.