Zanen ƙididdiga daga fayil ɗin CSV: wace hanya za ka zaɓa wajen mayar da rubutu lamba?

Duk abin da ke cikin fayil ɗin CSV, wato fayil ɗin jadawali da waƙafi ke raba gurabansa, rubutu ne, har da abin da idonka ke gani a matsayin lamba. Takardar RFC 4180 da ta fito a 2005, wadda ita ce mafi kusa da ƙa'idar wannan tsari, ta yi bayanin waƙafi da alamar zance da yadda layi ke ƙarewa, amma ba ta tanadi wata hanya da za a ce wannan gurbi adadi ne, wancan suna ne ba. Saboda haka idan burauza ta karanta 9 da 100 daga fayil, haruffa ta karanta. A JavaScript kuwa, harshen da burauza ke aiki da shi, "10" + "5" yana ba da "105", kuma idan aka gwada "9" da "100" a matsayin rubutu, "9" ce babba, domin harafin farko ake fara dubawa kamar a ƙamus.

Abin da ke rikita masu amfani da D3, laburaren zanen ƙididdiga na JavaScript da Mike Bostock da abokan aikinsa suka fitar a 2011, shi ne wasu sassansa na yi maka gyaran a ɓoye, wasu kuma ba sa yi. `d3.sum` da `d3.mean` suna mayar da rubutu lamba da kansu, sai ka ga jimilla ta fito daidai ka saki jiki. `d3.max` da `d3.extent` ba sa yin haka. Su ne kuma ake amfani da su wajen auna tsawon zanen, shi ya sa za ka ga ma'auni ya tsaya a 9 alhali akwai ginshiƙin da ya kamata ya kai 100, ya fasa saman shafi ya fita.

Hanyoyin da ake bi ba su da yawa, kuma duk kyauta ne, ba wadda za a biya ko kwabo. Tsadarsu tana wajen nauyin da suke ɗora wa shafi da irin kuskuren da kowacce ke bari ya wuce. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan wajen zaɓe: idan ta haɗu da gurbin da ba ta gane ba, tana nuna maka ne, ko tana ƙirƙiro wata lamba ta ci gaba kamar ba abin da ya faru?

Mafi sauƙi ita ce alamar tarawa a gaban gurbi, `+d.farashi` (`d` layi ne na fayil, `farashi` kuma sunan gurbin), ko 'yar'uwarta `Number(d.farashi)`. A kan rubutu aikinsu ɗaya. Suna da tsauri: ko dai duk abin da ke gurbin lamba ne, ko su dawo maka da NaN, wato ba lamba ba. "1,200" NaN ne, "45%" NaN ne, "₦500" ma haka. Wannan tsaurin alheri ne, domin NaN ba ya ɓuya, ginshiƙi zai ɓace ko burauza ta yi ƙorafi, ka san akwai matsala. Aibinsu guda ne, amma babba: gurbin da babu komai a ciki suna mayar da shi sifili. A ce kana zana farashin gero wata-wata a kasuwar Dawanau, sai wani wata ba a samu wanda ya je ya ɗauko farashi ba, aka bar gurbin fayau. Zanenka zai nuna layin ya faɗi ƙasa warwas a wannan watan, kamar an raba gero kyauta, sannan ya sake tashi. Matsakaicin farashin shekara ma zai sauka. Mai karatu ba shi da yadda zai gane cewa rashin bayani ne, ba faɗuwar farashi ba.

Sai `parseFloat` da `parseInt`, waɗanda masu koyo suka fi so saboda sunansu ya yi kama da aikin. Su karatu suke daga hagu, su ɗauki abin da suka iya, su tsaya inda suka ci karo da baƙon harafi, su watsar da saura. Wani lokaci hakan na da amfani: `parseFloat("45%")` zai ba ka 45, "12.5kg" zai ba ka 12.5, gurbin da ba komai kuma NaN yake bayarwa maimakon sifili. To amma gwada shi da "1,200" ka gani. 1 zai ba ka. "85,000" kuma 85. Babu ƙorafi, babu alama, zane zai fito tsaf da ma'auninsa da launinsa, sai dai ƙarya ce zalla. Ga wanda ke aiki da alkaluman naira, inda kusan komai ya haura dubu kuma ma'aikata sun saba sa waƙafi a Excel, wannan ita ce hanya mafi haɗari a cikinsu duka. `parseInt` ya ƙara da yanke abin da ke bayan ɗigo, 12.7 ta koma 12. Ban ga dalilin amfani da shi a zanen ƙididdiga ba.

Daga nan sai hanyoyin da ke yi maka hasashe. A D3 akwai `d3.autoType`, kana miƙa shi ga `d3.csv` shi ke nan. Yana bin kowane gurbi da tsari: in babu komai ya sa null, wato alamar babu bayani, in "true" ko "false" ne ya mayar da shi eh ko a'a na kwamfuta, in zai iya zama lamba ya zama lamba, in kwanan wata ne a tsarin ISO kamar 2024-03-01 ya zama kwanan wata, in duk ba haka ba ya bar shi rubutu. Maganar gurbi fayau ya warware ta da kyau, kuma layi ɗaya ne kawai za ka rubuta. Papa Parse na Matt Holt, wani laburaren karanta CSV, yana da makamancinsa, `dynamicTyping: true`, kuma shi ma null yake sa wa a gurbin da ba komai.

Matsalar su biyun ita ce gurbi-gurbi suke yanke hukunci, ba sa kallon rukunin gaba ɗaya, wato duk guraban da ke ƙarƙashin suna ɗaya. Idan rukunin farashi na ɗauke da 950 da "1,200", na farko zai zama lamba, na biyu ya zauna a rubutu, sai ka samu rukuni ɗaya rabi kaza rabi kaza, duk abin da ya haura 999 ya fice daga lissafi. Abu na biyu, ba su san bambancin adadi da lambar shaida ba. Lambar waya mai farawa da 080 za ta rasa sifilinta na farko. Lambar asusun banki ta NUBAN mai alkaluma 10, in ta fara da sifili, za ta koma mai alkaluma 9. Takardun D3 da kansu sun yi gargaɗi kan haka da misalin lambar gidan waya ta Amurka. Ba za ka zana lambar waya a ginshiƙi ba, gaskiya ne, amma idan lambar wata mazaɓa ko makaranta ce kake amfani da ita wajen haɗa fayil biyu ko ɗora bayani a kan taswira, "007" da 7 ba za su taɓa haɗuwa ba, sai ka ga yankuna sun fito babu launi.

A nan Papa Parse ya ɗan fi. Za ka iya ba `dynamicTyping` jerin rukunan da kake so ya taɓa, ya bar sauran yadda suke. Yana kuma ƙin mayar da lambar da ta wuce iyakar da JavaScript ke iya riƙewa daidai, wato 9007199254740991, ya bar ta a rubutu don kada alkaluman ƙarshe su canza. Yana gano alamar raba gurabu da kansa, yana iya karanta babban fayil kashi-kashi ba tare da shafi ya sandare ba, kuma bai kai kilobayit 30 ba, alhali D3 cikakke ya haura 250. Ga masu karatu da ke lissafin kowane megabayit a waya, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, ko da yake ana iya ɗauko ɓangaren `d3-dsv` shi kaɗai a bar sauran. Abu guda da za ka tuna da Papa Parse: sa `skipEmptyLines: true`, in ba haka ba layin banza da ke ƙarshen fayil zai zame maka ƙarin ginshiƙi marar suna.

Masu amfani da Chart.js, wani laburaren zanen ƙididdiga, su lura cewa shi ba ya karanta CSV ko kaɗan, dole a haɗa shi da ɗaya daga cikin waɗannan. Yana da haƙuri, in ka ba shi "25" a rubutu zai zana ta a 25. Haƙurin nan ne ke sa mutane su yi zaton babu buƙatar gyara, har ranar da za su tara rukuni biyu kafin zane su samu "105". Yana kuma mutunta null, yana barin giɓi a layi a inda babu bayani, sai fa in ka ce masa ya haɗe da `spanGaps`.

Hanyar da nake ba da shawara a kanta ga duk zanen da jama'a za su gani ita ce ka rubuta ɗan aikin gyara da hannunka, ka faɗi rukunin da za a taɓa da sunansa. Ba shi da tsawo:

```
function lamba(s) {
  const t = s.replace(/[₦,\s]/g, "");
  return t === "" || isNaN(t) ? null : +t;
}

d3.csv("farashi.csv", d => ({
  kasuwa: d.kasuwa,
  farashi: lamba(d.farashi)
}));
```

Ya cire alamar naira da waƙafi da tazara, gurbi fayau ya zama null, abin da ba a gane ba ma haka, sunan kasuwa kuma ba a taɓa shi ba. A Papa Parse wurin yin irin wannan shi ne `transform`, wanda ke aiki kafin `dynamicTyping`. Amfanin wannan hanya yana fitowa ne idan ka fara ɗauko bayanai daga manyan ma'ajiyoyi, domin kowacce da ɗabi'arta. Fayilolin DataBank na Bankin Duniya ɗigo biyu suke sawa, "..", a inda babu adadi. Fayiloli da dama na HDX, ma'ajiyar bayanan agaji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun zo da layi na biyu mai alamomi masu farawa da #, wanda ba bayani ba ne. A D3 idan aikin gyaranka ya dawo da null ga layi sukutum, ana tsallake layin, don haka sharaɗi ɗaya ya isa ya kawar da shi.

Sai dai wannan ɗan aikin da na rubuta a sama na fayil ɗin da aka shirya da tsarin Ingilishi ne, kuma a nan ne ya kamata wanda ke aiki tsakanin Najeriya da Nijar ya buɗe ido. A tsarin Faransanci waƙafi shi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, dubbai kuma tazara ce ke raba su: 12,5 na nufin goma sha biyu da rabi, 1 200 na nufin dubu ɗaya da ɗari biyu. Tunda waƙafi ya riga ya samu aiki, Excel na Faransanci waƙafi mai ruwa yake sawa tsakanin gurabu idan ya adana CSV. In ka ɗauko fayil daga wani ofis a Maraɗi ko Damagaram ka bi da shi ta aikin da ke goge waƙafi, 12,5 za ta koma 125, an ninka ta goma, kuma babu abin da zai nuna maka. Irin wannan fayil nasa gyaran daban ne: a cire tazara, a mayar da waƙafi ɗigo, a karanta shi da `d3.dsv(";", ...)` ko a bar Papa Parse ya gano alamar. Tazarar ma sau da yawa ba irin wadda ake bugawa da madanni ba ce, wata ce ta musamman da ba ta rabuwa, shi ya sa `\s` ɗin da na sa a aikin gyaran ya fi a rubuta tazara kai tsaye, domin yana kama su duka. Babu wata hanyar hasashe da za ta iya sanin ko "1,200" dubu ɗaya da ɗari biyu ne ko ɗaya da ɗigo biyu. Wanda ya san inda fayil ya fito ne kaɗai zai sani. (Wasu na neman mafita a `Intl.NumberFormat`, amma shi aikinsa fitar da lamba a rubuce da tsarin kowace ƙasa, ba ya karanto ta.)

Akwai kuma zaɓin gyara bayanai tun kafin su iso burauza. Wanda ya iya harshen Python zai ga `read_csv` na laburaren pandas yana karɓar `thousands` da `decimal` da `na_values`, sai ya wanke fayil sau ɗaya ya fitar da shi a tsarin fayil na JSON, inda lamba ke zama lamba, rubutu rubutu. Idan bayananka ba sa canzawa kullum, kamar sakamakon ƙidaya ko kasafin shekara, wannan ya fi komai, domin an ɗauke wa wayar mai karatu wahalar. Gyara a Excel ma na yiwuwa, amma da taka-tsantsan: yana cire sifilin farko da zarar ka buɗe CSV kai tsaye, yana nuna lamba mai alkaluma 12 zuwa sama da siffa irin 1.23E+11, kuma abin da ya nuna shi yake adanawa, alkaluma 15 kaɗai yake riƙewa daidai. Abin da ya ɓata a wannan mataki babu aikin JavaScript da zai dawo da shi.

Idan fayil ɗin kai ka haɗa shi, ka san babu waƙafi babu giɓi, alamar tarawa ta ishe ka. Idan leƙa sabon fayil kake yi don ka ga siffarsa, `d3.autoType` ya fi sauri. Fayil babba, ko wanda masu ziyara za su ɗora da kansu, na Papa Parse ne, tare da zayyana rukunan da zai taɓa. Shi kuwa aikin hannu yana da nasa rauni, tunda yana mayar da duk abin da bai gane ba null, zai iya haɗiye kuskuren bugu kamar "12O0" mai harafin O a maimakon sifili. Saboda haka bayan karanta fayil ka sa layi ɗaya da zai ƙirga null nawa aka samu a kowane rukuni, ka kwatanta da yawan gurabu fayau da ke cikin fayil na asali. In na farko ya fi yawa, ka fitar da waɗannan layukan da `console.table` ka dube su ɗaya bayan ɗaya kafin ka wallafa zanen.