Hukumar tsara filaye ta gunduma a Kalifoniya: bitar aikinta ga mai son raba gonarsa

Duk mai son yanka filinsa gida-gida a wajen birni a jihar Kalifoniya ta Amurka, da hukumar tsara filaye ta gundumarsa zai yi hulɗa. Dokar jihar ta ce mambobinta kada su gaza biyar, kuma zaɓaɓɓiyar majalisar gunduma ce ke naɗa su. Idan batun sauya rukunin fili ne, misali daga na noma zuwa na gidaje, shawara kawai hukumar ke bayarwa, majalisa ce ke yanke hukunci. Masu nema da yawa ba su san wannan ba.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne zaman share fage da ma'aikatan ofishin hukumar kafin a shigar da takardar neman raba filin. A nan za a faɗa maka mafi ƙanƙantar girman fili da aka yarda a yankinka, tazarar da gini zai bari daga iyaka, da ko wani sashe ya faɗa cikin taswirar ambaliya. Kada ka je hannu rabbana: tafi da lambar filin, takardar mallaka da zanen safiyo. Raba fili gida huɗu ko ƙasa da haka ƙaramar taswira yake buƙata. Daga biyar zuwa sama sai taswirar wucin gadi, sannan ta ƙarshe, kuma sharuɗɗa sun fi tsauri. Ta wucin gadin wata 24 take yi, in ba a nemi ƙarin lokaci ba ta mutu.

Bayan shigar da takarda, ofishin na da kwana 30 ya ce ta cika ko ba ta cika ba. Galibi a nan aiki ke cijewa: babu gwajin yadda ƙasa ke shan ruwa don ramin sokawe, ko hanyar shiga ta bi ta gonar maƙwabci ba tare da rubutaccen izini ba, ko ta yi wa motar kashe gobara ƙunci. Binciken muhalli da wata dokar jihar ta 1970 ta tanada shi ma yana iya cin watanni.

Rahoton ma'aikata shi ne ƙashin bayan komai, domin mambobi a kansa suke dogara. Ka karanta sharuɗɗansa tun kafin ranar zaman da hukumar za ta saurari batunka, ka nemi gyara a rubuce. 'Yan mintunan da ake ba mai magana ba sa isa a warware komai.

Inda tsarin ya gaza a ganina shi ne sanarwa. Ana aika wasiƙa kwana 10 kafin zama ga masu filayen da ke cikin ƙafa 300, kusan mita 90. A karkara, inda gona ɗaya kan wuce wannan tazarar, mutanen da ƙura da manyan motoci za su dama ba sa samun labari. Wanda hukuncin taswirar bai yi wa daɗi ba kwana 10 gare shi ya ɗaukaka ƙara.